Turaren Majemi

Shagari, 14 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga yayana Mijinyawa, mai turare a kasuwar Bodinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina fata kowa yana nan ƙalau. Mu ma alhamdu lillahi, sai haƙuri da muke ta ba juna.

Yaya, ka san ni ban iya kewaye-kewaye ba. Yau kwana hamsin da shida da rasuwar maigidana, saura saba'in da huɗu in fita takaba. Zaman nan ya ishe ni. Kafin azahar nakan share tsakar gida sau uku, ba don datti ba, don ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Malami direba ya kawo saƙonka cewa an yi wa ɗakina na gidanmu sabon yaɓe, ranar da na fita in tattara in komo Bodinga. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma akwai abin da ya riƙe ni, kuma maganinsa yana hannunka.

Farar rigarsa ta zuwa Juma'a tana nan rataye inda ya bar ta, na hana a wanke. Ƙamshin turaren nan da kake haɗa masa yana jikinta. Shekara goma sha tara bai taɓa shafa wani ba, yakan ce da shi ka karɓe shi cikin dangi ranar aurenmu. Makon farko ina buɗe ƙofa ƙamshin ke tarye ni. Yanzu sai na tusa hancina cikin wuyan rigar, kuma kullum raguwa yake yi. Kwalbar babu ko ɗigo, da Babbar Salla ya ƙarar. Yana cewa in ya gama da fatun layya zai zo wurinka, kwana biyu da salla ya faɗi a majemarsa, bai ƙara tashi ba.

Bari in tuna maka yadda yake, ko da yake kai ne mai shi. Da farko yakan ɗan ciji hanci, kamar ana daka kanumfari a maƙwabta. In an jima sai wardi ya fito. To can ƙasa kuma akwai wani abu mai ɗumi, mai ɗan nauyi, wanda yake wuni a jiki ya kwana a matashi. Shi nake nema. Ban san sunansa ba.

Ka haɗa mini shi, Yaya. Na san mai takaba ba ta shafa turare. Na aika an tambayi liman, ya ce shafawa aka hana ni, ba shaƙa ba. Ranar da na yi wankan fita shi zan fara sawa, da shi zan shiga mota. In babu shi, ƙafata ba za ta ƙetare zauren gidan nan ba, don ba zan bar shi a baya in tafi hannu biyu ba.

Ka gaida mutanen gida. Ina jira.

Ƙanwarka, Safinatu

Bodinga, 21 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga ƙanwata Safinatu, tare da gaisuwa da addu'a.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta, na fahimta. Allah ya jiƙan Sodangi, ya sa aljanna makomarsa, ke kuma ya ƙara miki dangana.

Bayan haka, ina ba ki shawara irin ta wanda ya shekara talatin da kwalba a hannu. Wannan turare na maza ne. Yana da nauyi, yana da faɗa, ba kowace fata ke ɗaukarsa ba. A lokacin zafi ma namijin kansa sai ya yi hattara, don ɗigo biyu kan sa na kusa da kai a sahu ya yi atishawa. Mace mai fita takaba humra mai sanyi ta dace da ita, kuma ina da wadda ba a taɓa kushe ta ba.

Amma na san halinki tun kina rarrafe, don haka ga shi na ba Malami a 'yar kwalba, naɗe da takarda. Ki sani ba ƙaramin abu na taɓa ba. Tun da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihun nan aka hana shigo da kaya, wardin kirki ya ɓace. Abin da ake kawo mana daga Kano yanzu ruwa ne mai launi, kafin mutum ya kai bakin kasuwa ya tashi. Wannan daga ajiyata ne, wanda alhazai suka zo mini da shi shekara uku da suka wuce.

Tunda ba za ki sa a jiki ba, ki ɗiga ɗaya tak a farin ƙyalle, ki bar shi ya huce kamar tsawon shan kunu, sannan ki shaƙa. Kada ki yanke masa hukunci da buɗewar farko. Abin nan na ƙasa da kike faɗa, ina tsammanin man sandal ne.

Hatsi ya yi wuya bana, damina ta yi gardama har Dingyaɗi, amma abin da za ki ci ba zai gagara ba. Ɗakinki yana jiranki.

Haza wassalam.

Yayanki, Mijinyawa

Shagari, 2 ga Disamba, 1983

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwalba ta iso, Allah ya saka. Amma ba shi ba ne.

Na yi duk yadda ka ce. Farin ƙyalle, ɗigo ɗaya, na jira har kunun ya yi sanyi. Cizon kanumfarin yana nan. Wardin ma yana nan, har ya yi yawa, ya cika ɗakin da surutu kamar ƙawayen amarya. Na maigidana ba mai surutu ba ne. Shi sai ka matso kusa yake yi maka magana. Wannan kuwa da ya gama ihunsa sai ya tafi, bai bar komai a ƙyallen ba sai ɗan zaƙi-zaƙi. Na ajiye ƙyallen kusa da rigar, na shaƙi wannan na shaƙi wancan har kaina ya yi ciwo. Ko 'yan uwa ba su zama ba.

Don kada ka ce hancina ne, na kira Asabe, matar Husaini ƙanen marigayi. Ta shaƙa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wanga ai turaren 'yan siyasa na, ba na Yaya Sodangi ba." Dariyar farko ke nan da na yi tun da aka yi rasuwa, ina gamawa kuwa na fashe da kuka.

Zancen wai na maza ne, ka bar shi. Shekara goma sha tara ina wanke rigunan da ke ɗauke da shi, ina kwana kusa da shi, zanena ma ya sha shi. In akwai fatar da ta san shi a duniyar nan, tawa ce. Humrarka ka ajiye wa masu zuwa biki.

Wani abu kuma da na so in haɗiye ya ƙi haɗiyuwa. Ranar da ka zo gaisuwa, a zaure ka tsaya, aka ce mini hankici yana hancinka har ka tashi. Da na zauna na yi tunani, sai na ga tun da aka kawo ni gidan nan ba ka taɓa wuce zauren ba, ko ranar suna. Da yana raye in na yi ƙorafi sai ya ce, "Ƙyale Yaya, kunya ta surukai ce." Ni dai na faɗa, zuciyata ta huta.

Saura kwana hamsin da shida. Ka sake dubawa, wani abu ka manta.

Ka huta lafiya.

Safinatu

Bodinga, 12 ga Disamba, 1983

Zuwa ga Safinatu, bayan gaisuwa.

Na ga takardarki. Batun hankici, mura nake yi a ranar, kuma bai kamata a tsaya kan ƙananan abubuwa a lokacin makoki ba.

Game da turare, ki sani shi abu ne mai rai. Yadda yake a ƙyalle daban, yadda yake a jiki daban. Yadda yake da sanyin nan daban, yadda yake da bazara daban. Sannan hancin mai baƙin ciki yakan ƙara wa abin da ya wuce abin da babu shi. Ba zargi nake yi ba, na sha ganin haka a wurin masu saye.

Duk da haka na sake zama. Na rage wardi, na ƙara sandal, na sa masoro kaɗan don ɗumin da kike faɗa, na taɓa masa miski don ya daɗe. Kwana huɗu na rufe rumfa da wuri saboda shi. Ina ganin wannan zai kwantar miki da hankali. In ma bai yi daidai ba, ya kusa, kuma a wannan zamani da ake bin layi don sabulu, wanda ya sami kusa sai ya gode wa Allah.

Ki fara haɗa kayanki kaɗan-kaɗan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wassalam.

Mijinyawa

Shagari, 23 ga Disamba, 1983

Yaya, ina gaisuwa.

Na farko baƙo ne, wannan kuwa baƙo ne da ya ari rigar mai gida. Miskin ya danne komai, Asabe ta ce sai ka ce shagon sayar da likkafani. Na rufe kwalbar na tura ta ƙarƙashin gado.

Kusa! Ni za ka ce wa kusa? Kai da kake shaƙar kwalba ka faɗi garin da aka tatso wardinta? Kai da ka taɓa mayar wa dillali kaya don ka ji ƙanshin kananzir a toshiyar kwalba? Ko dai wahalar zamani ta sa ka fara yi wa kayanka ruwa kamar sauran, ko kuwa akwai abin da kake sawa da, yanzu kake jin ƙyashin sa mini. In tsada ce, ka faɗa, awarwarona suna nan, ba sa mini amfanin komai.

Jiya na ɗauki rigar, na nema a wuya babu, a aljihu babu. Sai a hannun dama, inda yake naɗewa in zai yi alwala, na sami ɗan saura. Yanzu tsoron shaƙa nake yi, ina ganin ni ce nake cinye shi. Na naɗe ta na sa a kwalla na rufe, ba a jima ba na buɗe don in tabbatar yana nan. Haka nake wuni, buɗe, rufe, share, zauna, tashi. Fuskarsa ma ta fara yi mini wuyar tunawa, Yaya, ba mu da hotonsa ko ɗaya. In wannan ya tafi, me zan riƙe?

Ban haɗa ko tsinke ba. Saura kwana talatin da biyar.

Safinatu

Bodinga, 6 ga Janairu, 1984

Safinatu,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, kin dai ji abin da rediyo ta faɗa ranar Asabar ɗin can, soja sun karɓi mulki. Na san garinku ya fi ko'ina yin tsit, tunda garin shugaban ƙasar da aka hamɓarar ne, Allah ya kiyaye ku. Mu nan kasuwa ba ta cin rabin yadda take ci. Kowa ya ji ƙarar mota sai ya fara tattara kaya, don ana ta cewa za a zo a tilasta sayarwa a farashin gwamnati. Ni ma na kwashe kwalabena na kai gida.

Kin ce na yi wa kayana ruwa. Wannan kalma ta yi mini ciwo, ko abokin gaba bai taɓa jifana da ita ba. To ga sirrin sana'ata a rubuce, abin da ban taɓa ba kowa ba. Wardi kashi uku. Man sandal kashi biyar. Kanumfari da aka jiƙa kwana bakwai, kashi ɗaya. Citta ƙwaya uku a cikin kwalba. Shi ke nan. Wallahi ban taɓa sa wa Sodangi wani abu bayan waɗannan ba, kuma ban taɓa rage masa ba.

Ga na uku nan, daidai da na ranar aurenku. Wardin da ya rage mini a duniya bai fi na haɗi ɗaya ba. Awarwaronki ki riƙe abinki. Abin da babu shi a kwalba, ba ni da ikon sa shi a kwalba. Don Allah kada ki ƙara tambayata.

Wassalam.

Mijinyawa

Shagari, 12 ga Janairu, 1984

Yaya Mijinyawa,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar da kwalba ta ukun ta iso na gwada a ƙyalle, na ji irin ta farko ce sak. Haushi ya kama ni. Na tashi zan ajiye ta, toshiyar ta suɓuce ta faɗa cikin jakar aikinsa da ke gindin gado, inda yake tara guntayen jar fata. Ban bi ta ba, na toshe kwalbar da tsumma na fita.

Washegari da hantsi na dawo daga madafa, na ɗaga labule. Yaya, ƙwaryar da ke hannuna ta faɗi. Yana cikin ɗakin. Har na buɗe baki zan ce masa sannu da zuwa. Na durƙusa na bi ƙamshin da hanci har cikin jakar, na sami toshiyar kwance a kan wani guntun fatar akuya, man ya jiƙa ta. Ga cizon, ga wardin ya yi ladabi ya rage murya, ga abin nan na ƙasa mai ɗumi da na yi wata biyu ina kwatanta maka. Fata ce. Bagaruwa ce da karan dafi da man gyaɗar da yake murza wa fatu, abin da ya shiga hannunsa tun yana yaro, wanda sabulu bai taɓa fitarwa ba. Rabin turaren naka ne, rabin nasa.

Na yi kuka har Asabe ta shigo a guje. Da na natsu sai na ɗauko takardunka na sake karantawa. "Abin da babu shi a kwalba." Haka ka rubuta.

Ka sani ke nan. Duk wata uku yana zuwa rumfarka ya zauna gabanka, hanci irin naka ba zai kasa rarrabewa ba. Tun takardata ta farko ka san abin da nake nema, ka ce mini sandal ne. Ka bar ni ina zargin hancina, ka bar ni ina zarginka da ha'inci, ka ɓarnatar da wardin da ba ka da shi, duk don kada ka furta kalma ɗaya. Me ya sa?

Guntun nan ba zai kai mako ba shi ma zai bushe, kuma ban san yadda ake kama shi a riƙe ba. Saura kwana goma sha biyar. Ba turare nake tambaya yanzu ba, amsa nake so.

Safinatu

Bodinga, 16 ga Janairu, 1984

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na yaga takarda uku kafin wannan.

Na sani.

Lokacin da Baba ya yarda da aurenki da Sodangi, ni ban yarda ba. Ba ni da abin da zan kushe a halinsa. Sana'arsa na ƙi. Ina saurayi ina tashen turare, manya suna zama a rumfata, sai a ce surukina majemi ne, mai wuni cikin jiƙaƙƙun fatu da toka da kashin tattabara? Na ji kunya. Da na ga ba ni da ikon hanawa, sai na zauna na haɗa turare mafi ƙarfi da na iya. Kanumfarin nan da kike so, don ya kashe wari na sa shi. Ranar ɗaurin aure na ja shi gefe, na danƙa masa kwalbar, na ce, "Ka riƙa shahwawa kahin ka shigo gidanmu."

Ya dube ni, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya. Ban taɓa sanin abin da ya gaya miki ba sai a takardarki ta farko, wai da shi na karɓe shi cikin dangi. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Bayan wata uku ya zo rumfa da kwalbar babu komai, ya ce a ƙara. Yana zama na ji shi. Turarena bai rufe fatar ba, fatar ma ba ta kashe shi ba, sun haɗu sun zama wani abu da ban taɓa shaƙar irinsa ba. Shekara talatin ina haɗa turare, Safinatu, ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba, kuma ba ni na yi shi ba. Mutane sukan tsayar da shi a kasuwa su tambaya, ya nuna musu rumfata. Su saya, su dawo su ce ba shi ba ne, in ce musu jikinsu ne. Da shi na yi suna a Bodinga, ban taɓa ce masa na gode ba.

Zuwansa na ƙarshe, kafin azumi, yana sa kwalba a aljihu ya yi murmushi ya ce, "Yaya, turaren ga naka dai bai ƙi ni ba." Na yi kamar ina neman canji.

Zauren kuma ba mura ba ce, ba kunyar surukai ba ce. Da farko girman kai ne. Daga baya nauyi ne, na kasa shiga gidan mutumin da na ce kada ya shigo namu da warinsa. Ranar gaisuwa, zauren duk ƙamshinsa ne, hankicin ba hancina nake toshewa da shi ba.

Da kika nemi turaren, faɗin abin da ya rage yana nufin faɗin wannan duka. Na zaɓi ki ce ni maha'inci ne. Ga shi na faɗa. Shi ba ya nan balle in roƙe shi, ke nake roƙo.

Yayanki mai laifi, Mijinyawa

Shagari, 19 ga Janairu, 1984

Yaya,

Na karɓa, na karanta sau ɗaya, ya ishe ni.

Shekara goma sha tara ni nake miƙa masa kwalbar nan da hannuna duk ranar Juma'a, ina ce masa, "Ga na Yaya." Ina taƙama da ita. Shi kuwa ya sani, ya karɓa, ya shafa, bai taɓa ɓata maka suna a wurina ba ko da wasa. Ban san wanda na fi jin haushi ba, kai da ka yi, ko shi da ya rufa maka.

Guntun fatar ya bushe shekaranjiya. Rigar ma babu komai a jikinta yanzu sai ƙanshin kwalla.

Kada ka aiko mota. Ɗakin da ka yaɓe ka zuba albasa a ciki.

Safinatu

Shagari, 25 ga Janairu, 1984

Ƙanwata Safinatu,

Gaisuwa. Ki dubi sunan garin da ke saman takardar nan, ba kuskure na yi ba. Kwanana huɗu a garinku, na roƙi Husaini da Asabe kada su gaya miki.

Na zo ne in sayi fata irin ta marigayi. Na tsaya daga nesa da majema na yi sallama. Husaini ya ɗago ya ce, "Malam, in kana son hwata sai ka shigo inda hwata take." Na naɗe wando na shiga. Ranar farko na yi amai sau biyu, majema suna dariya. Rana ta biyu suka ba ni tabarya na daka bagaruwa. Jiya Husaini ya ɗauko fatu uku da ɗan'uwansa ya jeme da hannunsa bai kai ga shafa musu mai ba, ya nuna mini yadda yake murzawa. Ni na murza su. Hannuwana sun yi baƙi, na wanke sun ƙi fita. Ashe aikin nan akwai ilmi a cikinsa, hanci suke aiki da shi kamar ni.

Na yanka mafi kyawun a siri-siri, na jiƙa cikin wardina na ƙarshe, tare da sauran kayan haɗin. Ba zan yi miki ƙarya kuma ba: ba zai nuna jibi ba. Kwana arba'in yake so a wuri mai duhu, ana juya shi safe da yamma. Ko zai fito daidai, Allah ne masani.

Jibi in kin yi wanka zan zo zaure da kwalbar. Ban zo da mota ba. In ba ki son ganina, zan ba Asabe, in gaya mata yadda ake juyawa, in kama hanya.

Mijinyawa

Cikin gida, 27 ga Janairu

Yaya,

Asabe ta shigo za ta ce mini kana zaure, na ce ta bar shi. Ina tsakar gida ina taje kai iska ta kawo mini ƙamshin maigidana, sai da na dafa bango. Ba daga kwalbar ba ne, ta ce a toshe take da kakin zuma. Daga hannunka ne.

Ban gama fushi ba, zai ɗauki kwana arba'in ko fiye. Can Bodinga zan yi shi, ina juya kwalbata da kaina, don ban yarda da kai ba tukuna.

Zauren nan ya ishe ka haka. Kada ka wanke hannu. Shigo.

Safinatu